Yadda Rawar Bale ta Yanka wa Kanta Tufa

 Sharhin yau zai bi tarihin wata tufa da mutane da yawa suka sha gani a hoto ko a talabijin, ko da ba su taɓa shiga gidan rawa na Turai ba, wato siket ɗin nan mara nauyi da mata masu rawar bale ke ɗaurawa a ƙugu, wanda wani lokaci yakan sauko har ƙwauri, wani lokaci kuma ya miƙe ya tsaya a kwance kewaye da mai rawa. Bale dai rawa ce ta dandamali, wadda ake tsara kowane takunta tun kafin ranar wasa, ake kuma ba da labari da ita ta hanyar motsin jiki da kiɗa ba tare da an furta kalma ba. Faransawa suna kiran wannan siket da suna tutu, sunan da ya fara bayyana a rubuce wajen 1881, kuma ba shi da wata dangantaka da kalmar Hausa mai kama da shi a kunne, don haka a nan za a riƙa ce masa siket ɗin bale.

Abu guda ne sharhin yake so ya tabbatar wa masu sauraro. Tufar mai rawa kayan aiki ce kafin ta zama ado. Duk lokacin da rawar ta koyi sabon abu, sai almakashin tela ya bi ta, ya rage nan, ya ƙara can, kuma duk lokacin da aka fifita abin da ido ke sha'awa a kan abin da jiki ke buƙata, mai rawar ce ta biya kuɗin, wata da guminta, wata da ranta.

Da farko dai, asali. Rawar bale ta tsiro ne a fadojin sarakunan Italiya a ƙarni na 15, ta kuma bunƙasa a Faransa, musamman a zamanin Sarki Louis na 14, wanda shi kansa gwanin rawa ne, ya kuma kafa cibiyar koyar da ita a 1661. A wancan lokaci 'ya'yan sarauta da fadawa ne ke yin rawar da kansu, cikin kayan fada, saboda haka mace takan shigo fili da riguna masu nauyi da ke jan ƙasa, da takalmi mai doguwar dunduniya, da rigar matsi, wato wata rigar ciki mai tauri da ake zura wa ƙasusuwa, a ɗaure ta tamau ta baya don ta tsuke ƙugu. Daga baya ma aka ƙara wani kwarangwal na sanduna da ake ɗaurawa a ƙarƙashin siket don ya buɗe ta gefen dama da hagu. Wadda ta sa irin wannan kaya ba ta tsalle. Abin da ake nema daga gare ta shi ne tafiya ta ƙasaita, da tsayuwa mai kyau, da iya sarrafa hannu da wuya, kuma ko da mata suka fara hawa dandamalin gidan Opera na Paris a matsayin masu sana'ar rawa a 1681, da shigar matan fada suka hau, aka bar tsalle da saurin ƙafa a hannun maza, waɗanda ƙafafunsu suke a sake.

Wadda tarihi ya fi ambata wajen karya wannan ƙa'ida ita ce Marie Camargo, wadda ta fara rawa a Opera a 1726. Ta iya wani irin tsalle da ake giciye ƙafafu a sama a maido su kafin a dira, aikin da ake gani na maza ne, amma siket mai jan ƙasa yana ɓoye gwanintar baki ɗaya, don haka ta sa aka rage tsawonsa har idon sawunta ya fito. Ragin bai fi 'yan yatsu ba, amma ya isa ya tayar da surutu a birni. Takwararta Marie Sallé ta ɗauki wata hanyar, domin a 1734 ta fito a Landan a wani wasa da aka gina kan tatsuniyar Girkawa, da riga mai laushi ta auduga, gashinta a sake, babu kwarangwal, bisa hujjar cewa wadda ke taka rawar mutum-mutumin Girka bai dace ta yi shigar matar fadar Faransa ba. Wato Camargo ta rage tufa saboda ƙafa, Sallé kuma ta sauya ta saboda labari, kuma waɗannan dalilai guda biyu za su ci gaba da ja-in-ja har zuwa ƙarni na 20.

To, yanzu sai haihuwar siket ɗin bale kansa. A ranar 12 ga Maris na 1832 aka fara nuna wani wasa a Paris mai suna La Sylphide, wato aljanar iska, wanda Filippo Taglioni ya tsara wa 'yarsa Marie Taglioni. Ta fito da matsattsiyar rigar sama da ta bar wuya da kafaɗu a buɗe, da farin siket mai siffar ƙararrawa wanda ya tsaya tsakanin gwiwa da idon sawu, an jera shi hawa-hawa da siraran yadi, da 'yan fukafukai guda biyu a gadon bayanta. Ana danganta zanen wannan shiga ga mai zane Eugène Lami. Taglioni ta ƙware wajen tsayuwa a kan ƙarshen yatsun ƙafa, ta yadda mai kallo zai ga kamar ba ta taɓa ƙasa, kuma tsawon siket ɗin an auna shi ne daidai yadda wannan aiki zai fito fili. Shekara tara bayan haka, a 1841, wasan Giselle ya cika dandamali da 'yan mata cikin wannan farar shiga, suna wakiltar fatalwar amaren da suka mutu kafin ranar aurensu, daga nan shigar ta zama tambarin rawar bale a idon duniya.

Sai dai akwai abubuwa biyu a bayan fage da suka sa wannan shiga ta yiwu, kuma dukansu ba daga gidan rawa suka fito ba. Na ɗaya inji ne. A 1809 wani Bature ɗan Ingila, John Heathcoat, ya yi rajistar na'urar da ke saƙa raga mai ƙananan idanu irin wadda a da sai da hannu ake yi, saboda haka yadin raga ya yi araha, har gidan wasa zai iya sayensa da yawa. Wannan yadi, wanda ake kira da sunan garin Tulle na Faransa, da ɗan'uwansa talatan, wato auduga mai sakakkiyar saƙa da ake sa wa sitaci ta yi tauri, su ne naman siket ɗin bale. Na biyu haske ne. A 1822 gidan Opera ya fara haska dandamali da fitilun iskar gas, waɗanda ake iya ƙara musu ƙarfi ko a rage daga wuri guda, abin da kyandir da fitilar mai ba sa yi. Idan aka rage hasken ya yi kama da farin wata, ya ratsa ta cikin siririn farin yadi, sai ƙafafun mai rawa su bayyana dishi-dishi, jikinta ya zama kamar hayaƙi. Abin da mai kallo ya biya kuɗi don ya gani ke nan.

A nan ne, masu sauraro, zancen yake yin nauyi. Yadin da ke barin haske ya ratsa shi yana barin iska ma ta ratsa shi, kuma siket mai hawa da yawa, busasshe, mai sitaci, da iska a tsakanin kowane hawa, ba ya buƙatar fiye da ƙiftawar ido kafin ya kama da wuta daga ƙasa har sama. Fitilun kuwa harsunan wuta ne a buɗe, an jera su a bakin dandamali daidai tsawon siket, wasu kuma a gefe inda 'yan rawa ke tsayuwa suna jiran shiga. A 1844 wata mai rawa, Clara Webster, ta ƙone a gaban 'yan kallo a gidan wasa na Drury Lane da ke Landan, ta rasu bayan 'yan kwanaki. A 1861, a birnin Filadelfiya na Amurka, wuta ta tashi daga siket zuwa siket a ɗakin shiryawa, 'yan rawa da dama suka mutu, cikinsu har da 'yan gida ɗaya su huɗu.

Hukumomin Faransa sun san da wannan haɗari, domin a 1859 aka kafa dokar da ta wajabta jiƙa kayan wasa a cikin wani sinadari mai hana kama wuta. Amma sinadarin yana sandarar da yadi, ya dushe farinsa, ya kashe laushin nan da ake nema. Emma Livry, yarinyar da Marie Taglioni da kanta ta zaɓa ta tsara mata wasa a 1860, wadda kuma ake sa ran ita ce za ta gaje ta, ta ƙi sa siket ɗin da aka jiƙa, ta kuma rubuta wa hukumar Opera takarda cewa ta ɗauki alhakin duk abin da zai same ta. A ranar 15 ga Nuwamban 1862, ana gwajin wani wasa, tana tsaye a gefen dandamali tana jiran lokacin shigarta, sai ta karkaɗe siket ɗinta don ya tashi sosai, iskar da ta taso ta jawo harshen fitilar da ke kusa, wuta ta kama. Ta ruga a guje, gudun ya ƙara rura wutar, kafin wani ma'aikacin kashe gobara ya cim mata ya lulluɓe ta da bargo. Ta yi jinyar wata takwas, ta rasu a watan Yulin 1863 tana da shekara 20, kuma guntayen tufar da ta ƙone a jikinta suna nan ajiye a gidan tarihin Opera.

Masu ba da wannan labari sukan jingina laifin ga taurin kanta, amma adalci ya fi haka faɗi. Yarinya ce da abincinta da sunanta suka dogara ga yadda take bayyana mara nauyi a idon 'yan kallo, kuma hukumar da ta karɓi takardarta ta ajiye ta san sarai cewa takarda ba ta kashe wuta. Sanya ragar waya a kan fitilu da rataye jiƙaƙƙen bargo a gefen dandamali ba su da tsadar da za ta gagari gidan wasa irin wannan. Haɗarin bai ragu sosai ba sai da wutar lantarki ta shiga gidajen wasa a shekarun 1880. Tufa kayan aiki ce, kuma kayan aikin da ke iya kashe mai shi, alhakinsa yana wuyan mai gidan aikin.

Akwai kuma wani gefen da bai kamata a tsallake ba. Yawancin 'yan matan da ke cika layin baya a gidan Opera na ƙarni na 19 'ya'yan talakawa ne, albashinsu kuma bai taka kara ya karya ba, alhali attajiran da ke biyan kuɗin kujera na shekara suna da izinin shiga ɗakin da 'yan rawa ke motsa jiki a bayan dandamali. Mai zane Edgar Degas ya bar shaidar wannan a zanensa, inda sau da yawa ake hango namiji cikin baƙar kwat da doguwar hula tsaye a gefe, 'yan mata kuma a gajiye suna gyara ɗamara ko murza ƙafa. Saboda haka idan aka ce gwanintar ƙafa ce ta rage tsawon siket, an faɗi gaskiya, amma sha'awar masu kuɗi ma tana da nata kason a cikin ragin.

Daga nan sai zance ya koma Rasha. A ƙarshen ƙarni na 19 birnin St Petersburg ne cibiyar rawar bale, ƙarƙashin wani Bafaranshe mai tsara rawa, Marius Petipa, kuma manyan taurarin da ake gayyato masa 'yan Italiya ne, waɗanda aka horar da su a kan ƙarfin ƙafa da juyi mai sauri. Virginia Zucchi ta isa birnin a 1885, ta kuma yi suna da gajarta siket ɗinta fiye da yadda aka saba. Pierina Legnani kuwa ta girgiza 'yan kallo da juyi 32 a jere a kan ƙafa ɗaya, tana bulala da ɗayar, aikin da aka saka a wasan Tafkin Suwan, wato tafkin fararen tsuntsayen ruwa, a 1895 kuma har yau ake auna gwanaye da shi. Dogon siket ba ya jure wannan. Zai naɗe ƙafar da ke bulala, zai ɓoye gwiwar da ake so a ga ta miƙe, zai kuma hana namijin da ke tallafa mata samun ƙugunta da hannu. Don haka siket ya hau zuwa gwiwa, sannu a hankali ya wuce ta, har a ƙarni na 20 ya zama abin da aka sani yau, mai tauri, shimfiɗe a kwance kamar faifai.

Yana da kyau masu sauraro, musamman masu sana'ar ɗinki, su ji yadda ake haɗa shi, domin a ido yakan yi kama da abu mai sauƙi. Sassa uku ne. Akwai rigar sama, wadda ake yanka ta gida-gida don ta bi jiki sau da ƙafa. Akwai ɗamara mai faɗi da ke sauka daga ƙugu zuwa saman kwatangwalo. Sannan akwai ɗan gajeren wando, kuma a jikin wannan wando ne ake ɗinka hawa-hawan raga, goma ko goma sha biyu, kowanne an tattare shi sosai, mafi tsawo a sama, na ƙasa suna raguwa suna tallafe shi. A cikin wani hawa na tsakiya akan zura zoben waya don ya riƙe shimfiɗar, sannan a bi da allura da zare a ɗaure hawa da hawa da hannu, kada su rabu idan mai rawa ta yi tsalle. Sai a ɗora yadin ado a can sama, a yi masa aiki da duwatsu da zaren zinariya, amma a bar wajen ƙugu babu abu mai kaifi saboda tafin hannun abokin rawa. A bayan rigar akan jera maɗaurai layi biyu ko uku, domin tufa ɗaya mata da yawa za su sa ta cikin shekaru masu yawa. Idan an gama wasa kuma ba a rataye shi kamar sauran kaya, sai dai a kwantar da shi, ko a rataye shi a kife, don kada ya saki.

Ƙarfin da wannan shiga ta yi a Rasha ya kai ga tauraruwa takan sa ta a kowane wasa, ko labarin na Masar ne ko na Indiya, a ɗan manna mata wata alama a ƙirji, ita kuma ta ƙara da lu'ulu'unta na gida. A 1901 tauraruwa Mathilde Kschessinska ta ƙi sa kwarangwal ɗin zamanin da a wani wasa da aka gina kan rayuwar Camargo, shugaban gidajen wasan sarki, Yarima Volkonsky, ya ci ta tara, ta kai ƙara fada, aka soke tarar, shi kuma ya ajiye aiki. Hujjar Camargo ta yi nasara har ta wuce gona da iri, hujjar Sallé kuwa an mance da ita.

To, a nan ne ƙarni na 20 ya shigo da tawaye, kuma mata biyu 'yan Amurka ne suka buɗe ƙofar. Loie Fuller ta bayyana a Paris a 1892 da rigar siliki mai faɗin gaske, ta ɗinke sanduna a cikin hannuwanta don ta ƙara tsawon hannunta, tana kaɗa yadin ana haska shi da fitilun lantarki masu launi, har jikinta ya ɓace, sai fure ko harshen wuta ake gani. Isadora Duncan kuma ta yar da rigar matsi da takalmi, ta yi rawa da ƙafa tsirara cikin sakakkiyar riga irin ta tsoffin Girkawa. Da ta je St Petersburg a ƙarshen 1904, wani matashin mai tsara rawa, Mikhail Fokine, yana cikin waɗanda abin ya taɓa, domin dama yana ganin kowane wasa ya kamata ya sami motsi da tufar da suka dace da zamaninsa da ƙasarsa. Da ya shirya wani wasa na zamanin Rumawa a 1907, hukuma ta hana 'yan rawa fitowa ba takalmi, sai ya sa aka zana yatsun ƙafa a kan safar da ke rufe ƙafafunsu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda dokar sutura take da tsauri a Turai kanta a lokacin, kuma a 1911 an kori Vaslav Nijinsky, gwanin gwanayen maza, daga gidan wasan sarki saboda ya fito da matsattsiyar shiga da fada ta ga ta saɓa wa kunya.

Wanda ya tara waɗannan masu tawaye wuri guda shi ne Sergei Diaghilev, wanda ya kawo ƙungiyarsa ta 'yan rawar Rasha birnin Paris a 1909. Mai zanensa Léon Bakst ya ɗauki dandamali a matsayin allo guda, labule da shimfiɗa da tufar kowane ɗan rawa duk launuka ne da ya auna su da juna. A watan Yunin 1910 suka nuna wasan Shaharzad, wanda aka ciro daga mabuɗin littafin Dare Dubu da Ɗaya, littafin da masu karatun Hausa suka daɗe da sani. Babu farin siket ko ɗaya. Mata sun fito da wando buje na siliki da aka tsuke a idon sawu, da rawani mai gashin tsuntsu, da tsakiya da duwatsu a ƙirji, ƙarƙashin wani makeken koren labule, ga shuɗi da ja da ruwan lemo suna karo da juna. A wannan shekarar kuma Tamara Karsavina ta taka rawar Tsuntsuwar Wuta da wando da gashin tsuntsu, matsayin da shekara goma kafin nan babu shakka da siket mai tauri za a yi shi.

Tasirin ya fita daga gidan wasa ya shiga shagunan ɗinki. Babban telan Paris na lokacin, Paul Poiret, wanda tun wajen 1906 ya fara ɗinka wa mata rigunan da ba sa buƙatar rigar matsi, ya fitar da wando buje na mata a 1911, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a tituna. A watan Yunin wannan shekara ya shirya wata ƙasaitacciyar liyafa da ya kira Dare na Dubu da Biyu, inda duk baƙon da ya zo ba da shigar Gabas ba sai ya sauya da kayan da aka tanada ko ya koma gida. Poiret ya musanta cewa daga Bakst ya kwaikwaya, kuma yana da hujja, domin ya riga ya fara kafin zuwan 'yan Rasha, amma dandamali ne ya shirya idon jama'a har suka yarda su sayi irin waɗannan launuka. Bakst shi ma ya zana riguna ga gidan ɗinki na Paquin. Rawar tango da ta mamaye Turai wajen 1913 ta ƙara nata matsin, domin dogon taku yana buƙatar siket mai tsaga da ƙugu mai lanƙwasa.

Sai dai wajibi ne a faɗi wata gaskiya game da wannan Gabas ta su Bakst. Gabas ce ta mafarkin Bature, wadda aka gauraya Farisa da Indiya da Turkiyya a tukunya ɗaya, aka rage rayuwar al'ummomi masu malamai da 'yan kasuwa da masaƙa zuwa labarin ƙwaraƙwarai da takobi. Bayin da ke cikin wasan Turawa ne da aka shafa wa baƙin fenti a jiki, kuma hakan ya faru ne a daidai shekarun da Faransa da Ingila ke mulkin mallaka a ƙasashen Musulmi da na baƙar fata. Gwanintar Bakst wajen launi ba abin musu ba ce, kuma tufafinsa sun saki jikin mai rawa ta yadda za ta iya lanƙwasa baya da kafaɗa, amma 'yancin da matar Turai ta samu a cikin wannan wando an saye shi ne da gurɓata hoton wasu mutane.

Daga nan tawayen ya ci gaba da sauri, wani lokaci har ya mance da mai rawar. A 1913, a wasan Bikin Bazara, mai zane Nicholas Roerich ya lulluɓe 'yan rawa da dogayen riguna masu kauri irin na manoman Rasha na da can, suka yi ta dukan ƙasa da ƙafa cikin zafi da gumi. A 1917 mai zane Pablo Picasso ya rufe wasu 'yan rawa cikin akwatunan kwali masu tsawon kusan mita uku, waɗanda ba su bar musu komai ba sai taku. A 1921 Diaghilev ya koma ga tsohon salo a Landan da wani wasa mai kayan alfarma na Bakst, kuɗin da aka kashe ya fi abin da aka samu, har aka riƙe kayan saboda bashi. A 1924 kuma mai ɗinki Coco Chanel ta sa 'yan rawa cikin saƙaƙƙun kayan ninkaya da na wasanni, irin waɗanda take sayarwa a shagonta, wato a wannan karo titi ne ya ba dandamali aron tufa. Amma saƙar tana zamewa a hannu, namijin da ke ɗaga abokiyar rawarsa ya sha wahalar riƙe ta. Darasin dai bai sauya ba, masu sauraro, tufar mai rawa kayan aiki ce, kuma mai zane komai girman sunansa yana buƙatar telan da ya san yadda jiki ke motsi.

Irin wannan tela ce ta dawo da martabar siket ɗin bale bayan duk wannan guguwa. Barbara Karinska, haifaffiyar birnin Kharkiv wadda ta fara da sana'ar surfani kafin gudun hijira ya kai ta Paris da Landan da Amurka, ta yi aiki da mai tsara rawa George Balanchine a New York. Balanchine yana son sauri da cunkoson 'yan rawa a dandamali, siket mai zoben waya kuwa yakan yi karo da na kusa, ya kuma ci gaba da rawa bayan mai shi ta tsaya cak. A 1950 Karinska ta cire wayar, ta rage hawan zuwa shida ko bakwai, ta gajarta su, ta ɗaure su sako-sako, sai siket ya zama mai laushi, yana tsayawa tare da kiɗa. Ta kuma yanka gefunan rigar sama a karkace, ta yadda yadin zai ɗan miƙe idan haƙarƙari ya buɗe, mai rawa ta iya jan numfashi sosai bayan ta gama juyi. A yau manyan gidajen rawa suna amfani da dogon siket irin na Taglioni, da mai tauri irin na Rasha, da mai laushi irin na Karinska, kowanne gwargwadon wasan da ake yi.

Jama'a masu sauraro, musamman teloli da masu surfani da ke sauraro a shago ko a gida, duk wanda ya sami damar kallon rawar bale a waya ko a talabijin, yana iya lura da inda siket ɗin ya tsaya a jikin ƙafa, da yadda yake yi a lokacin da mai rawar ta dira daga tsalle, da kuma inda abokin rawarta yake ɗora hannunsa, domin a waɗannan wurare uku ne aikin allura yake bayyana.